Abin da Takarda Ta Ce wa Inno

Tun ranar da Inno ta aika wa Malam Armaya'u cewa kada ya sake taka rugarsu, ɗiyarta Hansai ba ta ƙara cin abinci ta ƙoshi ba. Nono dai tana kawowa kasuwar Batsari kamar yadda ta saba, ta sauke ƙwarya a layin masu fura, ta auna wa mai saye ta miƙa masa ba tare da ta ɗaga kai ba. Matan da suke zama tare sun san abin da ke cinta, shi ya sa ba mai tambayarta.

Ba wani abin kunya Armaya'u ya yi ba. Malamin ajin yaƙi da jahilci ne da hukumar En'e ta ajiye a Batsari, yana koya wa magidanta karatun boko a zauren mai unguwa, mutum mai sanyin magana wanda ko akuya ba ya yi wa tsawa. Baffa Uwaisu, ƙanen marigayi mahaifin Hansai, ya ma riga ya karɓi gaisuwar magabatansa ta neman aurenta. Abu biyu ne suka tokare maganar: yayanta Hamma da ya ɓata, da wani littafi mai jan bango.

Maganar Hamma ta daɗe. Wata ranar kasuwa ya koro jan sa ya sayar, aka ga fitarsa daga gari da la'asar ya kama hanyar Ruma, daga nan ko ɗuriyarsa. An shiga dajin Rugu nema har ƙafafu suka kumbura, ba a ga gawa ba, ba a ga riga ba, ko sandarsa ba a tsinta ba.

Shi ne ɗan farin Inno, kowa kuwa ya san Bafulatana da kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba tun yana goye, da ya ɓata ma ba ta zubar da hawaye a gaban kowa ba. Sai dai ta ɗaure magana guda, ta ce ba za a kai Hansai ɗakin miji ba sai yaron nan ya dawo ya ga auren ƙanwarsa da idonsa.

Ana cikin wannan jiran Labaran ya shigo. Falken shanu ne, mai kora su a ƙafa har Kurmi can kudu, ya dawo da goro da baki mai daɗi. Duk zuwan da zai yi rugar sai ya zauna inda Inno za ta ji, ya dubi Hansai ya ce wani ya ga mai kama da Hamma a zangon Ilori, ko kuwa an ce yana kiwo a wajen Bida. Duk sanda ya faɗa, sai a ga hannun Inno ya tsaya a kan faifai.

Ni dai ban ce Labaran maƙaryaci ne ba. Amma mutumin da kullum yake haɗuwa da wanda ya ga Hamma, shi kuwa bai taɓa ganinsa ba, sai a bar shi da Allah. Da haka ya sami shiga, har Inno ta fara cewa wanda yake wahalar neman nasu shi ya fi cancanta da ɗiyarsu.

Littafin kuwa a Katsina Armaya'u ya saye shi. Da damina ta faɗi ɗalibansa suka watse gona, aji ya koma daga shi sai tabarmi. Sai ya yi dabarar karanta wani yanki kowace ranar kasuwa bayan la'asar, a gindin tsamiyar da ke bayan rumfar mahauta, ko kwaɗayin labari zai sa mutane su so iya karatu da kansu.

Labarin wani fatoma ne mai saukar da baƙi, kuma da bakinsa yake ba da shi. Yakan karɓi baƙo hannu biyu, ya ba shi tuwo da ruwan alwala, ya shimfiɗa masa tabarmarsa. Da safe ya ce bari ya taka masa. Su wuce ƙofar gari, su wuce gona ta ƙarshe, baƙo yana cewa ya koma haka nan, shi yana cewa ai rakiya ba ta yawa. Ko anini ba ya ɗauka a jikin wanda ya kashe. Abin da yake faɗa shi ne ba ya iya kallon ƙeyar mutum yana tafiya ya bar shi, tun ranar da uwarsa ta zaunar da shi a mararraba yana yaro, ta ce ya jira ta, ba ta dawo ba. In ya gama sai ya koma gida ya yi salla, ya share ɗakin baƙi, ya jira na gaba.

Mutane sun zo, har fiye da yadda Armaya'u ya so. Badaru mahauci, wanda wuƙa ce sana'arsu tun kakanni, ya ce ranar da aka karanta kisan farko ya kasa cin tuwo. Wasu suka ce fatoman mahaukaci ne, wasu suka ce iska ce a kansa. Wani tela ya ce shi kam tausayi ma yake ba shi, aka yi masa ca har ya tashi ya bar wurin. Liman ya ja kunne cewa zuciyar mai kisa ba wurin shiga ba ne a yi ta zagaye. A cikin gari kuwa rakiya ta yi wuya. Baƙo zai yi sallama, mai gida ya sa takalmi, sai baƙon ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba ya ce a bar shi daga nan, ya san hanya.

Armaya'u ya sha faɗa musu cewa ƙagaggen labari ne, wani ne ya zauna ya tsara shi. Ba su yarda ba. Wani dattijo mai sayar da igiya, Daudu, ya ce masa:

"Malam, mu ma fa mun san ƙarya. Tatsuniya da dare ake yin ta, tsohuwa ke yi, ta buɗe da ga ta nan ga ta nanku, ta rufe da ƙurunƙus, kowa ya san inda ya tsaya. Wannan kau da rana tsaka, a takarda, da bugun inji irin na takardar haraji. Ka taɓa ganin takardar haraji ta yi wasa?"

Ana nan aka kai wurin da fatoman ya sauki wani saurayi ɗan Fulani mai wushirya, wanda ya sayar da jan sa a kasuwa, rana ta faɗi masa a hanya. Samarin Fulani masu wushirya da suka taɓa sayar da jan sa a ƙasar Katsina sun fi a ƙirga. Amma matan da ke tsaye a bayan taron da ƙorai a ka suka dubi juna, don Hamma ma mai wushirya ne, kafin magariba labari ya riga Hansai isa gida. Washegari Inno ta aika da saƙonta.

*

Armaya'u ya daina karatun gindin tsamiya, duk da roƙon da ake yi masa ya ƙarasa. Ranar wata kasuwa da yamma ya je ya tsaya a bakin rijiyar da ke bayan gari, inda matan ruga suke bi. Da suka iso, 'yan uwan tafiyar Hansai suka ɗan yi gaba suka tsaya suna gyara gammo, kamar ba su gan shi ba.

"Sannu da kasuwa, Hansai."

"Yauwa, Malam. Ina wuni?"

"Lafiya lau. Ya Inna, ya mutanen gida? Ya shanu?"

"Kowa lafiya, mun gode Allah."

Ta sauke ƙwaryar ta ajiye a bakin rijiya. Ya ga yadda ta rame, zuciyarsa ta yi masa zafi.

"Da ma ina neman wanda zan aika maka," in ji ta. "Inna ta ce ka zo gobe da hantsi. Ta ce ka zo da littafin."

"Ta huce ke nan?"

"Ba ta huce ba, Malam, barci ne ba ta yi. Tun ran da aka kawo mata maganar nan. Matan sun gaya mata rabi sun bar rabi, wannan ta ce an binne shi, waccan ta ce ya tsere. So take ta ji da kunnenta."

"To alhamdu lillahi," ya ce. "Zan je in gaya mata gaskiya, in ta so in dafa mata Alƙur'ani. Wanda ya rubuta littafin nan bai taɓa zuwa Batsari ba, bai san Ruma ba, bai san Hamma ba. Hankalinta ya kwanta, mu ma namu ya kwanta."

Hansai ta dube shi, idanunta suka cika.

"In ka faɗi haka ka rasa ni."

"Kamar yaya?"

"Labaran ya dawo. Ya ce mata littafin ƙarya ne, Hamma na nan Ilori da ranshi, har ya yi aure. Ya ce in aka tsayar mashi da magana, wannan tafiyar ba zai dawo ba sai da shi. Baffa kau ya gaji, ya ce a yi ta ta ƙare, wanda Inna ta nuna shi zai ba. Kai kuma za ka je da bakinka ka ce littafi ƙarya ne. Ka gaskata Labaran ke nan."

Armaya'u bai taɓa duban abin ta nan ba.

"To me kike so in ce mata?"

Ta share hawaye da gefen mayafi, wasu suka biyo. Muryarta ta yi ƙasa.

"Ka ce shi ne."

"Hansai, kin san abin da kike faɗi kuwa? In kashe mata ɗa da bakina?"

"Hamma ya mutu, Malam. Ni na sani, Baffa ya sani, duk rugar nan an sani. Mutumin da in saniya ta yi tari ba ya iya cin abinci, shi ne zai zauna Ilori ya bar garke? Hamman da ke ɗaukata a wuya ya tsallaka rafi da ni? Ba a yi mashi salla ba, ba a yi mashi sadaka ba, ba wanda ya zo ya ce mana sannu da haƙuri. Inna ba ta da damar yin kuka, don ba wanda ya taɓa ce mata ya mutu. Ni kuma ga ni zaune, sa'o'ina duk suna goye. Ba ƙarya za ka yi ba, gaskiya ce da ta rasa mai faɗa."

"Gaskiya ce da ba mu sani ba," ya ce. "In wata rana ya yi sallama a bakin shinge fa? Da wane ido zan dube shi, da wane ido zan dubi Inna?"

"In ya dawo na yarda ka sake ni ran nan. In dai ya dawo."

"Haba Hansai. Duk garin nan ni kaɗai nake ta cewa ƙage ne, ana yi mani dariya. Abin da nake koya wa mutane ke nan, su iya karatu da kansu, don kada wani ya riƙe takarda ya gaya masu abin da ya ga dama. Yanzu ni zan zama wannan mutumin? A gaban tsohuwar da ba ta san baƙi ba?"

Kuka ya ƙwace mata sosai, ta dafa bakin rijiya. Matan can suka juya baya.

"To ka riƙe gaskiyarka, Allah ya ba ka ladanta," ta ce. "Ni ba zan ƙi maganar Inna ba, ka sani. Ba wanda zai ɗaure ni. In ta ce Labaran zan bi Labaran da ƙafata, don ba zan iya ƙara mata wani rashin ba. Amma wallahi ina sonka, Malam. Ban san inda zan ajiye shi ba in aka raba mu."

"Ni ma kin sani."

"Na sani. Shi ya sa na roƙe ka abin da ban taɓa roƙon kowa ba."

Ya sunkuya ya kama mata ƙwaryar, ta ɗora a ka. Bai ce zai taka mata ba, a kwanakin nan ba mai faɗin haka a Batsari. Ya tsaya nan har suka shige cikin dawa.

*

Da safe ya yi salla ya daɗe a zaune. Da ya tashi ya riga ya yanke cewa gaskiya zai faɗa, abin da Allah ya rubuta ya faru. Ya sa littafin a aljihun gaba ya kama hanyar Ruma, yana ta maimaita kalmomin da zai yi amfani da su don kada su yi wa tsohuwa nauyi.

A bakin shingen rugar ya tarar da Labaran zaune a kan turmi yana tauna goro. Ya miƙo masa hannu da fara'a kamar tsohon aboki.

"Malam, barka da zuwa. Ai ni na ji daɗi da aka ce kai za ka zo. Kai mai ilimi ne, ka gaya mata gaskiya dai, takardar nan shirme ce. Ni na faɗa mata, amma daga bakinka zai fi shiga."

Armaya'u ya amsa gaisuwar ya wuce. Abin da ya ƙona masa rai shi ne, yau dai Labaran gaskiya ya faɗa.

Inno tana zaune a inuwar bukkarta a kan tsohuwar tabarma, ta ba shi gefe, fuskarta na kallon turken maruƙa. Baffa Uwaisu yana zaune a kan buzu ɗan nesa kaɗan. Hansai ta kawo ruwa ta ajiye, ta koma ta tsuguna a jikin bukka.

Ya cire takalmi ya durƙusa.

"Inna, ina kwana?"

"Lafiya lau, Malam. Ka zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ya gida, ya ƙarfin jiki?"

"Da godiya. Ya mutanen Batsari, ya iyayenka?"

"Suna gaishe ki."

"Muna amsawa. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

Wani maraƙi ya yi kuka, uwarsa ta amsa daga nesa.

"Karanta mani wurin yaron nan," in ji Inno. "Kada ka rage, kada ka ƙara."

Ya so ya fara da bayaninsa, amma ta riga ta gyara zama ta karkato kunne. Sai ya buɗe littafin, yana cewa a ransa in ya gama ya faɗa mata. Ya karanta da muryar da ya saba, a hankali.

"Ya ci tuwo kaɗan irin cin masu kunya, ya tura mini akushi ya ce ya ƙoshi. Na ce ya ƙara kwana ya huta. Ya yi murmushi, wushiryarsa ta fito, ya ce ba zai iya ba, ana jiransa. Na ce wa ke jiranka? Ya ce uwarsa. Ya ce tun da aka haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa tambayarsa ina ya je ba, amma ya san duk gidan ita ke fara jin takunsa."

Hannun Inno ya kama bakin tabarma ya damƙe. Armaya'u ya tsaya.

"Ci gaba," ta ce.

"Da gari ya waye na ce bari in taka masa. Muka wuce gona ta ƙarshe, muka kai wata kuka mai rassa biyu a bakin rafi. Ya ce Baba, koma haka nan, ka gaji. Ya yi mini godiya, ya saɓa sandarsa a kafaɗa, ya juya mini ƙeya."

Ya karanta sauran, bai rage ba. Ya karanta yadda fatoman ya wanke gawar da ruwan rafi, ya haƙa rami a gindin kukar ya rufe ta, don shi a ganinsa bai taɓa wulaƙanta baƙo ba. Baffa Uwaisu yana ta jan carbi da sauri. Hansai ta cusa fuskarta a gwiwa.

Da ya rufe littafin, Inno ta tambaya ba tare da ta juyo ba.

"Ya sha wuya?"

"Takarda ta ce bai ma juyo ba, Inna."

"An fuskantar da shi gabas?"

"An fuskantar."

Sai ta juyo gaba ɗaya ta dube shi, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ya fara zuwa rugar nan. Idanunta sun faɗa, sun bushe ƙamas.

"Malam, ni ban san baƙi ba. Mutanen kasuwa sun ce gaskiya ne. Labaran ya ce ƙarya ne. An ce kai ma ka ce ƙage ne, amma wasu sun ce don kada hankalina ya tashi ka faɗi haka. Ni na gaji da an ce. Kai ke riƙe da takardar. Yaron nan ne?"

Maganar da ya shirya tun daga Batsari tana nan a bakinsa. Ya dubi tsohuwar, ya ga ba roƙonsa take ya ce mata yana raye ba. Ta gaji da jira ne, gajiyar da ta kai ƙashi. Ya dubi Hansai, ita ma ta ɗago tana dubansa. Daga bakin shinge ya jiwo Labaran ya tofar da goro.

"Shi ne, Inna."

Ni da nake ba da labarin nan ban san hukuncin da zan yanke masa ba. Na san dai ƙarya ya yi, shi ma ya sani, kuma tausayin tsohuwa ba shi kaɗai ya sa shi ba.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Inno. Ta sake faɗa. A na uku muryar ta karye, ta kifa kanta a kan tabarma ta saki kukan da ta riƙe shekara da shekaru. Ba mai ƙarfi ba ne, amma duk wanda ke rugar ya ji shi. Mata suka fito daga bukkoki suka kewaye ta. Baffa Uwaisu ya cire malafarsa ya ajiye, hawaye na bin gemunsa. Hansai ta rarrafo ta rungume uwarta, tana kukan yayanta da gaske, don ita ma yau aka ba ta dama.

Labaran ya shigo da sauri yana rantse-rantse, wai shi da kunnensa ya ji a Ilori, wai a kira wani mai karatun a tambaya. Inno ta ɗago kai.

"Labaran, na gode da goro. Ka sauka gida lafiya."

Ya tsaya ya buɗe baki, Baffa ya nuna masa hanya da hannu. Ya fita yana waiwayen Armaya'u.

Da kuka ya lafa, aka ba Inno ruwa ta wanke fuska. Armaya'u yana nan durƙushe inda yake, littafin a hannunsa ya jiƙe da gumi. Ya kasa duban kowa.

"Uwaisu," in ji Inno, "ka zama shaida. Na kwance maganar da na ɗaure. Wanda nake jira ba zai zo ba. Hansai kuma ta Malam ce, don shi ya gaya mani abin da kowa ya ɓoye mani."

"Alhamdu lillahi," in ji Baffa. "Allah ya jiƙan na ƙasa, ya sa albarka ga na sama."

Hansai ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya a kafaɗar uwarta. Armaya'u ya ji abin da ya daɗe yana roƙon Allah ya faɗo masa a hannu, amma bai ji daɗin da ya zata ba.

"Sai dai abu guda," in ji Inno. "Ba za a yi guɗa a gidan nan ba alhali yaron nan na kwance a daji, ba wanda ya taɓa tsayawa a kanshi. Takarda ta ce kuka mai rassa biyu a bakin rafi. Wanda ya iya karanta ta ya iya bin ta. Ka kai ni, Malam. Ran da na dafa ƙasar kabarinshi da hannuna na yi mashi addu'a, ran nan Uwaisu ya sa maku rana."

"Haƙƙin yaron ne," in ji Baffa, yana gyaɗa kai. "Kuma maganar rai ce, ba a ɓoye ta. Bari in aika wa mai gari ya kai wa hakimi, a ba mu dogari. Za su so a tona a gani."

Hansai ta daina kuka. Ta saki uwarta a hankali ta dubi Armaya'u, shi kuma bai iya ɗaga ido daga jan bangon littafin ba.

Inno ta dafa ƙasa ta miƙe. Ta shiga bukka, ta fito da mayafinta da takalman fatar da take sawa in za ta yi tafiya mai nisa. Ta zauna ta ɗaure su tsaf, ta karɓi sanda a hannun wata mata.

"Dogarin ya same mu a hanya, rana ba ta yi ba tukuna," ta ce. "Tashi, ɗana. Ta gabas za mu bi ko ta yamma?"